Kinuyo Mai Awara da Rediyonta

A Urahama, garin masunta da ke fuskantar tekun yamma, babu wanda bai ci awarar Kinuyo ba, babu kuma wanda zai bugi ƙirji ya ce ya taɓa shiga ɗakinta na ciki. A bakin ƙofa ake tsayawa. Ka miƙa kwanonka, ta tsamo awarar daga ruwan sanyi ta sa maka, ta ce a gaida gida, shi ke nan. In ka cika tambaya sai ta dube ka ta saman tabarau, irin kallon da ake yi wa mai tallar kifin jiya.

Ba da wannan halin aka haife ta ba. Mahaifinta Risaburo mai gyaran agogo da rediyo ne, mutum mai yawan raha. A zamanin yaƙi hukuma ta hana kowa mallakar rediyon da ke kamo tashoshin waje, sai tashar gida kaɗai za a ji. Shi kuwa sai ya haɗa nasa da tarkacen da mutane ke bari a shago, ya ɓoye shi a ƙasan akwatin shinkafa. Ba ruwansa da wa ke cin yaƙi wa ke faɗuwa, nisan kawai yake so. Da sassafe yakan tashe ta, tana yarinya ba ta ko fara ɗaure gashi ba, ya ɗora mata abin sauraro a kunne.

"Kinu, ji nan. Wannan muryar ta tsallako teku, ba jirgi ba kwalekwale."

Sai ta ji wata mata tana magana da harshen da ba ta sani ba, muryar tana tasowa tana nutsewa cikin shuu, kamar mai iyo.

Wata safiya ta hunturu wasu jami'an hukuma biyu masu dogayen riguna suka shigo, Genzo na gabansu. Genzo maƙwabcinsu ne, mai sassaƙa ganga da bahon itace. Ɗingishin da yake yi ya hana a ɗauke shi soja, sai aka ba shi rabon shinkafar unguwa da isar da saƙon hukuma. Mutanen ba su ɗaga tabarma ba, ba su buɗe kabad ba. Kai tsaye suka nufi akwatin shinkafa, suka ɗauke rediyon, suka tafi da Risaburo. Abin da ya tsaya wa Kinuyo a rai ke nan har girmanta: ba su yi bincike ba. Wanda bai nema ba ya samu, faɗa masa aka yi.

Bayan watanni aka sako Risaburo, yana tari, kunne ɗaya ya mutu. Da ta tambaye shi wa ya kai ƙararsa sai ya ce, "Bar shi, Kinu." Yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba ya rasu. Ita kuwa ba ta bar shi ba. Tun daga ranar ta daina gaida Genzo. In sun haɗu a lungu sai ta juya fuska bango har ya wuce.

Ta yi aure gidan Masaji mai awara, ta koyi jiƙa wake da niƙa da tacewa, har hannunta ya fi nasa. Ba su haihu ba. Da Masaji ya faɗi a bakin murhu wata rana bai tashi ba, dangi suka ce ta rufe shagon ta koma wurin yayanta a birni. Ta ce ba inda za ta. Abin da ta fara yi bayan an gama zaman makoki shi ne ta je tashar jirage, inda ake farfasa wani tsohon jirgin kamun kifi, ta sayo rediyon da ke ɗakin direba, baƙin ƙarfe mai nauyin jariri uku. A amalanken awara ta turo shi gida, ta lulluɓe shi da buhun wake.

A lokacin dokar hani ta daɗe da mutuwa. Rediyon gajeren zango ya ma zama abin yayi, ana jera shi a shaguna, 'yan makaranta suna gasar wanda ya fi kamo tasha mai nisa. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da ta ja wayar eriya daga rufi zuwa itacen bayan gida, sai ta rataya mata tsummokin tace awara, don a ce igiyar shanya ce. Igiyar shanyar da sai da tsani ake kaiwa gare ta.

Mai awara da asuba yake tashi, kuma asuba ce lokacin da nesa ke matsowa. Tana ɗora madarar wake a wuta sai ta shiga ciki ta murɗa. Akwai tashar Ostareliya da ke buɗewa da kukan wani tsuntsu mai kama da dariyar mahaukaci. Akwai wata daga duwatsun Kudancin Amurka mai busar sarewa. In sanyi ya kankama, sama ta yi garau, har kiɗan gangunan Afirka takan kamo, can ƙasa ƙasa, sai ta riƙe numfashi kada ya kuɓuce. Ba ta jin ko kalma ɗaya a yawancinsu. Ta ƙona tukunya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba saboda su. Tashar da ta ji da kyau takan aika mata bayanin abin da ta ji, su kuma su aiko mata da kati mai hoto. Mai kawo wasiƙu kuwa ba ya iya baki. Tun daga bakin lungu yake ɗaga katin sama yana cewa, "Uwar awara, yau kuma daga ƙasar da ko sunanta ban iya karantawa ba!"

A haka aka shiga shekarar da jita-jita ta cika gaɓar teku. Wannan ya ce ya ga jirgi ba fitila yana shawagi bayan tsibiri. Wancan ya ce an tsinci kwalekwalen roba a cikin duwatsu. Aka ce a wani gari can kudu mutum ya fita shan iska bakin ruwa, har yau ba labari. Aka manna sanarwa a sandunan lantarki cewa duk wanda ya ga baƙon ido ya sanar. Samari suka kafa ƙungiyar sintiri, Shinichi ɗan Genzo ne shugabansu. Kowa ya san ƙasar da ake nufi, wadda ke tsallaken ruwa, amma ba a cika kiran sunanta ba, sai dai a nuna teku da haɓa.

A gidan wankan jama'a Fusa matar mai kifi ta fesa mata. Ita kaɗai ce ke iya tsokanar Kinuyo ta kwana lafiya.

"Ke Kinu, kin san an ce da wayar nan taki kike kiran jiragen?"

"In da ina iya kiran jirgi ai da na kira wanda zai kwashe ki da bakinki."

"Ni dai na faɗa miki. An ce ana jin wata mata a ɗakinki tana karanto lambobi."

"Wa ya ce?"

"Oho. An ce dai."

"Wannan 'an ce' ɗin yana da ƙafa ɗaya gajera?"

Fusa ta fashe da dariya har ruwa ya shiga mata hanci. Kinuyo ba ta yi dariya ba. Gaskiya ne akwai wata tasha da mace ke karanto lambobi, wadda ake cewa saƙon 'yan leƙen asiri ne, duk mai murɗa gajeren zango yana cin karo da ita, ita kuma takan wuce da sauri kamar ta taka garwashi. Amma kafin mutum ya ji abin da ke ɗakinta na ciki sai ya liƙa kunne a bangon baya.

Ba a yi nisa ba ta ga wanda ke liƙawa. Wata asuba ta fita zubar da dusa sai ga Genzo tsaye a gindin itacen, ya ɗaga kai yana bin wayar da kallo. Ya tsufa, ya rankwafa a kan sanda. Da ya gan ta sai ya kama tari ya wuce. Washegari ta ga sawu a dusar ƙanƙara a jikin bango, taku ɗaya mai zurfi, ɗaya a jaye. Bayan haka ya fara zuwa sayen awara da kansa, mutumin da tun aurenta surukarsa ko matarsa ke zuwa.

"Sanyin bana ya yi yawa," in ji shi.

Ta sa masa awarar a kwano.

"Wannan akwatin naki, har ina da ina yake kaiwa?"

"Akwatin shinkafa kake nufi, Baba Genzo? Ai kai ka fi kowa sanin inda yake."

Ya tsaya riƙe da kwano, ruwa na zuba a takalminsa. Sannan ya juya ya tafi. Kinuyo ta ce a ranta, kifi na ganinka mai jar koma. In ka ga kare na shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Uba ya leƙo, ɗa yana shugaban sintiri, me ya rage? Ta kwashe katunanta ta kai su cikin tulun da take ajiye gishiri. Ta daina kunna lasifika, ta koma sa abin sauraro a kunne. Har wayar ta yi niyyar saukewa, ta jingina tsani, ta hau rabi, sai zuciya ta ɗebe ta. Ta sauko ta bar ta.

Ran da Genzo ya dawo, da yamma ce, ana zuba ruwa haɗe da ƙanƙara, lungu ba kowa. Bai zo da kwano ba.

"Awara ta ƙare," ta ce.

"Na sani. 'Yar Risaburo, roƙo na zo yi. Ina so ki kamo mini tashar can." Ya nuna teku da haɓa. "An ce suna magana da harshenmu da yamma."

Wato tarkon ke nan, kuma ko ƙasa bai yayyafa masa ba. Ta kunna, shi kuma ɗansa na laɓe a bayan bango da shaidu. Ta leƙa ta kansa, ta dubi lungun dama da hagu.

"Mutum nawa ka baro a waje?"

"Ni kaɗai ne."

"Je ka gidanka ka murɗa naku. Ko kun rasa rediyo?"

"A gidan Shinichi? Bangonmu na takarda ne. Kuma ban san inda ake samunta ba, kunnena ma ya yi nauyi." Ya share ruwan da ke gangaro masa a gira. "Tokiko na can."

Tokiko 'yarsa ce, ta girmi Shinichi. Kinuyo ta san ta, yarinya mai wushirya da ke waƙa in tana shanya kifi.

"Tokiko tana birnin Osaka. Kowa ya sani."

"Ni na ce tana Osaka. Ɗan mutanen can ta aura, wanda aka haifa a nan. Na ce in ta bi shi ba ni ba ita. Da aka fara kwashe mutanen can da ke zaune a nan a jirgi daga tashar Niigata ana kai su ƙasarsu, ta shiga da shi. Uwarta ta je rakiya a ɓoye, ni ko ƙofa ban fita ba. Da farko ana jin ɗuriyarta, daga baya shiru. Uwar ta mutu tana kiran sunanta. Yanzu an ce wani lokaci sukan sa matanmu da ke can su yi gaisuwa a rediyo."

"To don me sai gidana?"

"Gidanki ne kaɗai za a ji irin wannan muryar a ce ai halinta ne."

Kai, wannan magana ta ƙona mata rai. Wato baƙin sunan da ake shafa mata shi ne bargon da zai lulluɓa. Amma maƙaryaci da ya zo da tarko ba zai faɗi abin da zai ɓata mata rai haka ba, daɗin baki zai yi. Ta tsaya tana juya abin.

"Zan tambaye ka abu ɗaya," ta ce. "Kai ka kai ƙarar babana?"

"A'a."

"Kai ka shigo da su."

"Ni na shigo da su. Sun same ni a gida, sun riga sun san sunan, sun san akwatin. Suka ce in wuce gaba, na wuce."

"Wa ya faɗa musu?"

"Ban sani ba."

"Ka sani."

"Mutanen da ke shiga shagon babanki suna da yawa, shi kuma in ya sha giya ba ya riƙe magana. Na yi zargi, kamar yadda kika yi. Wanda nake zargi ya mutu, jikokinsa suna cin awararki. Ba zan kira sunan da ban tabbatar ba."

Ba ta yarda da shi ba, ba ta kuma ƙaryata shi ba. Ta ce ya tafi, za ta yi tunani. Kwana da kwanaki tana auna shi. Ta bi ta wajen Fusa da dabara, ta ce wai ko akwai wanda ya taɓa ganin Tokiko a Osaka cikin masu zuwa sarin kaya? Fusa ta ce af, yanzu da kika faɗa, ko jana'izar uwarta ba ta zo ba. Kinuyo ta kwana da wannan. Ran da Genzo ya sake zuwa da kwano, ta zuba masa awara ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Gobe kafin faɗuwar rana. Ka biyo ta baya."

Shi ne mutum na farko da ya shiga ɗakin tun rasuwar Masaji. Ta zaunar da shi inda za ta riƙa ganin hannayensa da ƙofa a lokaci guda. Ta murɗa a hankali, ta wuce wata tasha mai waƙa, ta wuce ƙarar wayar jiragen ruwa, har ta kai. Ga kiɗan soja, ga wani namiji yana karanta labarin masana'antu da girbi da murya kamar yana faɗa da wani. Genzo ya kara kunnensa mai ji a jikin lasifika har aka rufe shirin. Ba Tokiko, ba mai kama da ita.

"Gobe ma akwai?" ya ce.

"Kullum akwai."

Haka ya riƙa zuwa. Ba ta ba shi shayi ba sai da hunturu ya kusa fita, shi ma don tarinsa na hana ta ji ne. Idan an gama tasharsa wani lokaci takan ce, "Tsaya ka ji abin arziki," ta kamo masa masu sarewa. Yakan ce, "Wannan kuma kukan me suke yi?" ta ce, "Kunnen mai sassaƙa ganga ina ya san waƙa." Duk da haka, in ya tafi sai ta duba ko ya taɓa wani abu, ta leƙa bayan bango ko akwai sawun da ba nasa ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi, shago cike da mata, sai ga Kitamori ɗan sandan gari ya jingina kekensa. Ya cire hula yana murzawa.

"Inna, ki gafarce ni. Ba laifi ba ne a doka, kowa na iya jin abin da ya ga dama. Amma an kawo magana cewa kullum da yamma ana jin tashar can a gidan nan, kuma kin san halin da ake ciki. An ce in zo in ga rediyon, in tambayi dalili."

Matan suka juyo, kowace riƙe da kwanonta. Kinuyo ta ga dogayen riguna biyu a idonta kamar yau ne. Ashe dai biri ya yi kama da mutum. Tsohon ya yi haƙuri ya bi ta a sannu har ta saki jiki, ya sa ta kunna da hannunta. Ta tsane hannu a gaban riga.

"Wa ya kawo maganar?"

"Ba a faɗa, Inna."

"Ba a taɓa faɗa ba. Shigo ka gani. Ba ya cikin akwatin shinkafa, a fili yake."

Ta yi niyyar kiran sunan Genzo, har ya zo mata baki. Abin da ya hana ta, ita ma ba ta sani ba. Wataƙila don ta san yadda ake ji in an nuna gidanka da yatsa. Tana ɗaga labule sai aka ji ƙwas ƙwas ɗin sanda a lungu. Fusa ce ta zame ta je ta kira Genzo, don ta daɗe da lura da mai bin ƙofar baya. Ya iso yana haki, Shinichi na biye da shi yana cewa, "Baba, ina za ka? Baba, dawo!"

Genzo ya tsaya a tsakiyar matan.

"Yaro," ya ce wa Kitamori, "mayar da hularka. Ni na sa ta. Ita ko son tashar ba ta yi. 'Yata Tokiko ba ta Osaka, ba ta taɓa zama Osaka ba. Tana tsallaken ruwan nan da mijinta, in tana da rai. Muryarta nake nema. In akwai wanda za a rubuta, rubuta ni."

Wani kwano ya faɗi a ƙasa. Shinichi ya yi fari fat. Daga baya aka ji cewa matarsa ce ta bi surukin nata wata yamma, ta ji abin da ake ji, ta faɗa wa mijinta rabin labari don ta raba tsohon da gidan mai awara. Shi kuma ya kai ƙara wajen hukuma, bai san da ubansa a ciki ba. Kitamori ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri, ya ja kekensa ko rediyon bai gani ba.

Abin bai zo wa gidan Genzo da sauƙi ba. Shinichi ya ajiye shugabancin sintiri, ya yi wata da watanni ba ya cin abinci tare da ubansa. Wasu suka daina kawo gyaran baho. Wasu tsofaffin mata kuwa suka riƙa tare Genzo a hanya suna cewa ai sun daɗe da sani, ƙarya suke yi. Kinuyo ta rasa masu saye kaɗan, suka dawo da kansu, don awarar kanti ba ta kama ƙafar tata ba. Tun daga ranar ta ce wa Genzo ya daina bin baya, ya shigo ta ƙofar shago kamar mutum.

Da bazara, wata yamma, bayan labarai aka ce ga wata mata za ta gaida 'yan uwanta. Sunan da aka kira ba Tokiko ba ne, garin da ta ambata ma ba Urahama ba ne. Ta yi magana a hankali, kamar mai karatu, ta ce tana cikin wadata, 'ya'yanta na makaranta, kada kowa ya damu. A tsakiya ta ɗan tsaya ta ja numfashi. Sai iska ta kwashe muryar, Kinuyo ta bi ta da murɗi, ta dawo da ita daidai lokacin da take sallama.

Genzo ya riƙe gefen teburin.

"Ita ce."

"Baba, ba sunanta aka kira ba."

"Suna sai su canja. Ba ki ji yadda ta ja numfashi ba? Haka uwarta ke yi. Ita ce, Kinu."

Kinuyo ta shafe shekaru tana tsintar murya a cikin shuu, kunnenta ba ya yi mata ƙarya. A jinta matar ta fi Tokiko tsufa, kuma harshenta na mutanen kudu ne. Sannan ko wace ce, abin da aka rubuta mata take karantawa. Ta dube shi. Hawaye na bin kwarin fuskarsa, bai ma san suna zuba ba.

"Iska ta yi yawa yau," ta ce. "Ban ji da kyau ba."

"Ni na ji. Ta ce 'ya'ya. Ashe ina da jikoki a can."

Ta tashi ta dafa shayi.

Ya ci gaba da zuwa har kaka, ba a sake sa matar ba. Da sanyi ya shigo ƙafar ta hana shi fita, kafin sabuwar shekara ya rasu. Kinuyo ta kai awara gidan makoki, ta ƙona turare a gaban hotonsa, ta sunkuya yadda ake yi. Matar Shinichi ta zo za ta karɓi tiren tana wani sunne kai, Kinuyo ta miƙa wa wata daban.

A hanyar dawowa Fusa ta ce, "To yanzu kin yarda ba shi ya kai ƙarar babanki ba?"

"Na ce miki na yarda?"

"Haba Kinu! Mutum ya tona asirinsa a gaban gari saboda ke."

"Saboda 'yarsa dai. Wannan daban, wancan daban."

"Ke kam ko a lahira sai kin leƙa bayan bango."

Ta yi shekaru masu yawa bayan haka tana sana'arta. 'Yan makarantar da suka yi yayin gajeren zango suka girma suka watsar, tashoshin da ta sani suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, sai ta murɗa inda ta saba ta tarar da shuu. Wani mutum daga birni mai tara tsofaffin rediyoyi ya ji labarin nata ya zo har sau biyu yana lallashi, ta tambaye shi wa ya aiko shi, da ya kasa ba ta amsar da ta gamsar da ita ta sallame shi a bakin ƙofa. Da hannuwanta suka daina jure ruwan sanyi ta rufe shagon. 'Yar yayanta ta zo ta ɗauke ta zuwa birni, gidan bene hawa na sama, inda kayan lantarkin maƙwabta ke cika rediyo da ƙara. Ta ce a nemo mata waya mai tsawo, ta tsaya a kansu har aka ɗaura ta a jikin baranda. Da safe 'yar yayan kan same ta zaune da abin sauraro a kunne, ta tambaye ta ko an samu wani abu.

"Akwai wani yana magana can ƙasa ƙasa," takan ce. "Rufe ƙofar, kina kore shi."